Hoton da Bai Fito Ba

A Jega aka ɗaura aurena da Ige,
shekarar da na fara noman albasa.
Mai hoto ya zo bisa keke, jaka a wuya,
ya tsayar da mu gindin darbejiya, ya ce kada mu motsa,
Ige ta ja mayafi tana ƙunshe dariya.
Na biya shi lakadan, na ƙara masa goro.
Mako uku ina sintiri a ƙofar shagonsa,
ran ƙarshe ya sosa ƙeya, ya ce fim ya sha iska,
ko ɗaya bai fito ba.

Ige ta ce, rabu da shi, ai ga fuskar nan,
kullum za ka gan ta har ka gaji.
Bana shekara tara da muka kai ta makwancinta,
ban gaji ba.

Abin da ya rage mini sai na katin zaɓe,
ta ɗaure fuska kamar mai bin bashi.
Wannan kam ba Igena ba.

Yanzu ga Shafa'atu za ta ɗaki.
Gado da labule na bar wa gwaggonninta,
tukwane na bar wa Atine,
amma mai hoto, na ce, ni da ƙafata,
ba zan aiki kowa ba.

Na hau mota har Birnin Kebbi.
Na farko shagonsa sanyi, gilashi ta ko'ina,
ya ce yana da na'ura mai tashi kamar shirwa,
za ta ɗauko rufin gida da kawunan jama'a.
Na ce yaro, rufin gidana na san shi,
ta gabas yake yoyo.
Da ya faɗi kuɗin, na auna su da buhunan albasa,
na shanye ruwan da suka ba ni,
ban koma ba.

Na biyu ya buɗe waya yana turawa da yatsa:
amare goma, fuska ɗaya,
duk an wanke su fes kamar tangaran.
Na ce ɗiyata baƙa ce,
tana da tabon murhu a haɓa tun tana rarrafe,
shi nake so in gani.
Ya ce Baba, yanzu gogewa ake yayi.
Bai gane ba.

Na uku a gida na same shi, bayan tasha,
Nafi'u, ɗan wajen Mani mai faci.
Kyamararsa har da ɗaurin salatif.
Ya nuna mini wata tsohuwa a gidan biki,
haƙori biyu, dariya har kunne,
tafinta bisa kan amarya,
ba ta ma san an ɗauka ba.

Muka zauna ciniki bisa benci.
Ya ce dubu tamanin, kamu da walima da kai amarya.
Na taya hamsin, ya ce albarka.
Muka daidaita a sittin da biyar, har da albam.
Na ƙirga masa talatin kafin alƙalami,
saura sai na riƙe hoto a hannuna,
na takarda, ba na cikin waya ba.

Na sa ya rubuta a bayan rasit ɗin taki,
Mani ya goge hannu a riga ya sa shaida.
Nafi'u ya ce, Baba, ba ka yarda da ni ba ne?
Na ce da kai na yarda,
da iska ce ban yarda ba.

Da zai tashi na ja shi gefe.
Na ce akwai wani juyi da take yi hagu,
ta ja mayafi, tana ƙunshe dariya.
In ka gan shi kada ka ce ta tsaya,
kada ka ƙirga ɗaya, biyu,
danna kawai.
Ka wanke mini guda biyu, ɗaya nata.

Ya gyaɗa kai, ya rataya jakarsa.
Ɗayan kuwa na wa,
bai tambaye ni ba.